Hantar da na riƙa jefa wa kare

Shekara 22 na yi ina fawa kafin in san sunan abin da wuƙata take cin karo da shi a hantar tumaki. Duk mahauci ya san shi da ido. Ka farke cikin tsohuwar tunkiya, ka zaro hanta, sai ka ga wani farin ƙululu ya taso a jikinta, wani bai wuce kan babban yatsa ba, wani ya kai dunƙulen hannun yaro. In tsinin wuƙa ya taɓa shi sai ruwa ya yi tsartuwa, garai-garai, a ciki kuma ga wata farar fata mai santsi da take naɗewa da kanta. Mu dai jakar ruwa muke ce mata. Wani lokaci a huhu ake samunta. Ba mai sayen irin wannan hanta, don haka sai mu yanke wurin da ya ɓaci, in ɓarnar ta yi yawa mu cire ta ɗungurungum, mu wurga wa karnukan da suke kewaye mu tun asuba. Ni har gani nake alheri nake yi. Ina da kare na gadi saboda 'yan tumakin da nake kiwo a bayan gida, kuma kullum in zan tashi daga aiki sai na ƙulle masa rabonsa a leda.

'Yata ta uku tana da shekara 11 lokacin da ta fara cewa gefen cikinta na dama yana mata nauyi. Ba irin ciwon da yake kayar da mutum ba ne, shi ya sa muka yi sakaci. Ta rage cin abinci, loma biyu uku ta ce ta ƙoshi. Aka ce gyambon ciki ne, muka sayi magani. Aka ce taifot ne, muka sayi wani. Da idonta ya ɗan yi rawaya aka ce shawara ce. Wata 14 muka yi a haka, kowane wata da sunan da za a raɗa wa ciwon da kuɗin da zai ci, yarinya kuwa sai ramewa take yi, cikin yana tasowa ta gefe guda. Wata rana da dare uwarta ta kama hannuna ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin yarinyar tana barci, ta ce, “Malam, taɓa ka ji.” Na ji abu mai tauri, mulmulalle, kamar an cusa ƙwallo. Hannuna ya saba da cikin dabba, na san inda hanta take kwana. Daren nan ban runtsa ba.

A babban asibiti aka yi mata hoton ciki. Mai ɗaukar hoton ya daɗe yana yawo da na'urar a wuri guda, sannan ya fita ya kira likita. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta dubi allon, ta dube ni.

“Malam, mece ce sana'arka?”

“Fawa nake yi, Likita.”

“Akwai kare a gidanku?”

Na ce akwai.

“Me yake ci?”

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai maganar ta tsaya mini a wuya, domin ta juyo da allon wajena kuma na gane abin da nake gani. Baƙin da'ira ne a tsakiyar hanta, da wasu ƙananan da'irori a cikinsa. Na fasa irinsa da wuƙa ba sau ɗari ba, ba sau dubu ba.

Ta ce sunan cutar haidatid, kuma wata 'yar mitsitsiyar tsila ce take kawo ta, ana ce mata Ekinokokus. Ni tsilar da na sani doguwa ce, ita wannan ko tsawon ƙwayar hatsi da kyar take kaiwa, milimita 7 iyakarta. A hanjin kare take zama, dubbai a kare guda, shi kuwa ko a jikinsa, yana ci yana haushi lafiya lau. Ƙwayayenta suna fita a kashinsa, ido ba ya ganinsu. Su manne a gashinsa, su shiga ƙasa, su hau ciyawa, ruwan sama ya kwashe su zuwa inda ake ɗiban ruwa, kuma in wurin yana da laima da sanyi suna iya yin watanni ba su mutu ba. Tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya ci ciyawar, ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanjinsa, ya huda ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu, ya zama jakar ruwan nan. A cikin jakar akwai kawunan sababbin tsiloli masu ɗimbin yawa, suna jiran abu guda: kare ya ci. Da ya ci, bayan sati 6 ko makamancin haka sun girma a hanjinsa sun fara zubar da nasu ƙwayayen.

Na ce mata, “Likita, wallahi ba mu taɓa cin irin wannan hanta a gidana ba. Ko kusa da tukunya ba ta zuwa.”

Ta ce, “Na yarda. Cin hantar ba ya sa wa mutum wannan cuta. Kare take kamawa ta nan. Mutum ta kashin kare yake ɗauka, daidai yadda tunkiya take ɗauka.”

Wannan magana ita ce ta fi komai tsaya mini a rai har yau. Abin da nake tsare iyalina daga gare shi ba ta nan yake shigowa ba, ƙofar da na buɗe masa da hannuna kuwa ban ma san ƙofa ce ba. Yarinyar ba mai wasa da kare ba ce. Aikinta dai shi ne sharar bayan gida da safe, inda yake kwana, ta kwashe da hannu ta zubar, ta dawo a gurguje ta karya ta tafi makaranta. Likitar ta ce jakar a hankali take girma, shekaru take ɗauka kafin ta nuna kanta, kuma tata da ta kai santimita 10 mai yiwuwa tun tana 'yar shekara 5 ko 6 ta shiga. Na zauna ina lissafin ledojin da na kawo gida a waɗannan shekaru.

Na tambaya ko ba za a sa allura a zuƙe ruwan kawai ba, tun da ruwa ne. Ta ce akwai irin jakar da ake yi wa haka, a huda ta ana kallon hoto, a zuƙe, a ɗura maganin da zai kashe abin da ke ciki, a sake zuƙewa. Akwai ƙananan da ƙwayar magani kaɗai take isarsu. Akwai waɗanda suka mutu da kansu suka ƙandare, su ido kawai ake sa musu. Amma ta 'yata ta riga ta haifi 'ya'ya a ciki, ga ta kusa da hanyar matsarmama, don haka sai tiyata. Ta ja mini kunne a kan abu biyu. Kada yarinyar ta yi gudu ko kokawa ko ta faɗi, domin in jakar ta fashe a ciki, ruwan yana iya tayar wa jiki da borin da zai kashe mutum cikin ɗan lokaci. In ma an tsira daga wannan, kowane ɗigon da ya zuba iri ne, yana iya tsirowa ya zama sabuwar jaka a wani wurin. Ni da nake fasa su da wuƙa ruwan yana fallatsar mini a riga, sai ga shi ina bin 'yata a baya ina cewa ta taka a hankali.

Aka ɗora ta a kan wani maganin tsutsa, albendazol, kafin aikin. Ranar da aka miƙo mini takardar sa hannu, wani ƙaramin likita ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana: a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 100 da aka yi wa wannan aiki wajen 2 suna rasuwa, wajen 6 ko 7 kuma cutar tana dawo musu. Na sa hannu, alƙalamin yana rawa.

Awa 4 muka yi a bakin ƙofa. Da suka fito aka kira ni gefe aka nuna mini abin a cikin kwalba. Farar fatar nan ce, ta naɗe kamar jiƙaƙƙiyar leda, ga ƙananan ƙwallaye masu sheƙi suna iyo, sun fi 20, a ƙasan kwalbar kuma wani gari-gari ya kwanta kamar yashi. Likitan ya kaɗa kwalbar, yashin ya tashi. Ya ce waɗannan su ne kawunan tsilar. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin irinsa. Na ce masa kullum.

Yanzu bari in zo kan maganar dukiya, domin ita ce mutane ba sa son faɗi, alhali ita ce take bin mutum bayan an kwance ɗinki.

Ina da tumaki 17 lokacin da ciwon ya fara. Uku sun tafi tun a watannin laluben nan, wajen maganin cututtukan da yarinyar ba ta da su, kuma wannan asarar ta fi mini ciwo a kan ta tiyatar, don ba ta sayo mana komai ba sai ɓata lokaci. Hoto da gwaje-gwajen jini suka ci biyu. Aikin da kwanciyar asibiti ta sati 3 suka kwashe bakwai a tashi ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa sayar da dabba cikin gaggawa ya san mai saye yana karanta fuskarka kafin ya taya. Bayan sallama ga albendazol na watanni, ga gwajin jini a kai a kai don a tabbatar maganin bai taɓa hantar da ake neman ceto ba, ga kuɗin mota. Uwarta ta ajiye ɗinkin da take yi ta koma jinya. Ni na rufe teburina kusan wata 2, kuma mai sayen nama ba ya jiran kowa, da na dawo rabin masu saye a wurina sun saba da wani. Jarin ma na taɓa shi, daga nan na koma karɓar dabba bashi in yanka in biya. Yarinyar ta rasa shekarar karatu guda. Yayanta da muka shirya zai ci gaba da makaranta a shekarar, shi ma ya zauna, ya kama mini wuƙa. Shi ba wanda zai rubuta sunansa a cikin waɗanda cutar ta kama, amma ta kama shi.

Shi ne ma ya karanta mini a waya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 1 suna ɗauke da wannan cuta, kuma abin da take ci a shekara, tsakanin jinyar mutane da asarar dabbobi, ya kai dala biliyan 3. A ƙiyasinsu na 2015, ita da 'yar uwarta da yanyawa take yaɗawa a ƙasashen sanyi suna kashe mutum 19,300 a shekara. Akwai wurare a Ajantina da Peru da Gabashin Afirka da tsakiyar Asiya da Sin da za ka tara mutum 100 ka samu 5 zuwa 10 da ita, yankin Turkana na Kenya ma ya yi suna a kanta. Ni biliyan ba ta shiga kaina. Abin da ya shiga shi ne rabin maganar, asarar dabbobi, domin a nan na gane ashe tun kafin ta taɓa 'yata cutar take cin aljihuna. Kowace hanta da na jefar kuɗi ne. Tunkiyar da na ciyar ta ƙi yin nama, wadda nononta bai ishi ɗanta ba, wadda ta daina haihuwa da wuri, duk na ɗora wa rani da rashin sa'a. Sau biyu na biya kuɗin abu ɗaya, na farko kaɗan-kaɗan a mayanka ban ji ba, na biyu gaba ɗaya a asibiti.

Likitar ta sa aka yi wa duk gidan hoto, tun da ƙasa ɗaya muke takawa, ruwa ɗaya muke sha. Ta tabbatar mana mutum ba ya shafa wa mutum, wannan ya kwantar wa uwarta da hankali don ita take wanke ta. Yaran sun fita lafiya, uwarsu ma. Ni aka samu da ita. 'Yar ƙarama ce, ta mutu ta ƙandare tun ban san da zamanta ba. Aka ce in bar ta, a riƙa dubawa. Tana nan har yanzu, a ƙarƙashin inda nake ɗaura ɗamarar aiki.

Ranar da muka dawo gida daga asibiti na nufi karen da niyyar kashe shi. Ya taso yana kaɗa mini wutsiya. Maƙwabcina dattijo ya riƙe ni, ya ce, “Ɗana, kai ka ba shi ya ci, shi me ya sani?” Ya sa na kira likitan dabbobi, kuma zuwansa ya amfane ni fiye da yadda na zata. Ya ba karen firazikwantel, ƙwaya ce mai araha. Ya ce in ɗaure shi kwana 2 zuwa 3 in riƙa kwashe kashin ina ƙonawa ko in binne da zurfi, domin maganin yana kashe tsilar amma ba ya kashe ƙwayayen da ke fita tare da ita. Ya ce a maimaita aƙalla sau 4 a shekara. Sannan ya ce ko na kashe nawa, karnukan da suke cin abinci a bakin mayankarmu nawa ne, kuma ina suke zuwa su yi kashi in sun ƙoshi? Na yi shiru, don na san ta gonakin mutane da bakin rafi suke bi.

Mutumin nan ya daɗe muna hira a tsugune. Ya ce tamu guda ce a cikin dangi masu yawa. Akwai wadda kyanwa take zubarwa a kashinta, tana sa tumaki ɓari, in ta kama mai ciki kuma tana iya lalata ido ko ƙwaƙwalwar jariri. Akwai tsilar alade, wadda in ƙwanta ya kai ƙwaƙwalwar mutum yake kawo farfaɗiya, har an ƙiyasta a wuraren da ta yi katutu ita ce sanadin kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya. Akwai tsutsar hanta mai faɗi kamar ganye da dodon koɗi yake rainonta a fadama, wadda ita ma na san ta a wuƙa, ashe tana kama mutane. Ya ce matsalar ita ce shi yana ganin cutar a dabba, likitan asibiti yana ganinta a mutum, kuma su biyun ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya. Da wani ya taɓa tambayar mai sayar mana da maganin gyambon ciki ko ya san abin da mahauta suke jefa wa karnuka, da wata 14 ɗin nan ba su tafi a banza ba.

Ya ba ni labarin ƙasashen da suka rabu da ita. A Ayislan ta taɓa zama annoba, sai wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya rubuta ɗan littafi a 1864 yana bayyana yadda take zagayawa tsakanin kare da tunkiya da mutum, aka rarraba wa jama'a. Niyu Zilan, ƙasar da tumakinta suka ninka mutanenta, ta fara yaƙin a 1959, ta hana ba kare ɗanyen kayan ciki, ta tilasta ba karnuka magani a kai a kai, sai a 2002 ta ayyana cewa ta rabu da ita. Shekara 43 ke nan. Yanzu har rigakafin tumaki akwai, ana ce masa EG95. Na ce masa, “Likita, to duk wannan ba na'ura ba ce, hana kare hanta ne kawai.” Ya yi dariya ya ce ai shi ne mai wuyar.

Ya yi gaskiya, na gani da idona da na koma aiki. Na haƙa rami mai zurfi a bayan mayanka, na sa masa murfin ƙarfe da dutse a kai, na ce duk hanta ko huhun da aka ga jakar ruwa a jefa ciki. Abokan sana'ata da suka zo duba 'yata a asibiti, suka ga ɗinkin da idonsu, wasunsu har da taimakon kuɗi, su ne dai suka fara yi mini dariya. Wani ya ce kakanninmu haka suka yi kuma sun tsufa. Wani ya ce in karnukan suka rasa abinci za su fara satar naman kirki. Ban ga laifinsu sosai ba, don cutar da take ɗaukar shekara 5 ko 10 kafin ta bayyana, a gidan wani ma ba lallai naka ba, da wuya mutum ya haɗa ta da abin da hannunsa ya yi yau da safe. Wanda na fi ganin laifinsa shi ne mai duba naman da yake zuwa mana. Shi ya yi karatun, ya san abin. Zai zo ya ƙwace hantar ya ce ba ta ciwuwa, ya rubuta a littafinsa, sannan ya sa yaro ya kai juji, inda karnukan suke zaune suna jira. Bai taɓa ce mana ga dalili ba. Abin da ƙwacensa ya koya wa mutane kawai shi ne su yanka tsofaffin dabbobi a gida inda ba zai gani ba, kuma tsofaffin su ne suka fi ɗauke da jakar.

Shekara 3 ke nan da tiyatar. Cikin mahauta 9 da muke tare, huɗu suna amfani da ramin, ɗaya in yana ganina ne kawai. Karen yana nan, ya tsufa, dafaffen abinci yake ci, kuma na rubuta ranakun maganinsa a jikin bango da gawayi. Sharar bayan gida ni nake yi da shebur. Akwai buta da sabulu a bakin ƙofa, yara sun gaji da jin muryata a kansu.

Yarinyar ta koma makaranta, tana aji ɗaya da ƙanwarta, abin da ya dame ta da farko. Tabon ya fara daga ƙarƙashin ƙirji ya karkata zuwa dama, ta ce in za a yi ruwa yana mata ƙaiƙayi. Yayanta bai koma karatun ba, ya riga ya iya fiɗa fiye da ni. Bashin saura na mutum biyu. Har yanzu ba a sallame mu ba, domin sai an yi shekaru ana hoto kafin a ce ba abin da ya tsiro. Na gaba wata mai zuwa ne, nata da nawa a rana ɗaya. Cikin tumaki 5 da nake da su yanzu na ware ɗan rago guda na ɗaure shi daban, jiya wani ya zo ya taya na ce masa ya dawo ƙarshen wata.